Gadar Da Ba A Ƙarasa Ba

Shafi na 19

Na ga saƙonninku tun jiya, har da masu cewa in kashe Baba Thongsouk kowa ya huta. Ku ɗan ajiye zagin a gefe, ku karanta wannan shafin tukuna.

*

Tun ranar da aka ƙona gawar ƙaninta Khamla, Bouavanh ba ta sake taka layin gidan mahaifinta ba. Ko aikin zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido ne ya biyo da ita ta wajen, sai ta ce wa direba ya sake hanya. Yau kam ba ta samu yadda take so ba. Manyan motoci sun cika babban titin Luang Prabang tun kafin gari ya waye, direban ya ce in ba ta baya aka bi ba, baƙinta ko jelar rigar 'yan zuhudu masu fitowa karɓar sadakar asuba ba za su gani ba. Haka ya sauke su a bakin layin da aka haife ta, wanda ya gangara har kogin Nam Khan.

Ta jera baƙin a tsallaken titi, ta maimaita musu abin da take faɗa kowace safiya. Kada a haska fitilar kyamara, kada a tare hanya, mace kada ta taɓa ɗan zuhudu. Bakinta ne kawai yake aiki, idonta yana can ƙofar gidansu.

Yana nan kuwa.

Baba Thongsouk ya durƙusa a kan tabarma, gyale a kafaɗa, ɗan kwandon shinkafa mai danƙo a cinyarsa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Maƙwabtan da suka saba shimfiɗa tabarmarsu a jikin tasa duk sun ja gaba, sun bar shi shi kaɗai a jikin katanga.

Bouavanh ta kawar da kai.

Babu wanda bai san abin da Dokkeo, matar Khamla, ta gani da idonta daga bakin gaɓa ba. Uba da ɗa suna cikin kwalekwale, suna kafa turakun gadar gora da gidansu ke ginawa duk shekara in damina ta wuce. Khamla ya zame, kansa ya bugi turke, ya faɗa ruwa. Ya ɗago dab da jirgin yana kiran Baba. Tsohon kuwa ya ba shi baya, ya miƙa sandar tuƙi can gefen da babu kowa. Sai bayan kwanaki masunta suka tsinci gawar a kogin Mekong.

Wasu suka ce tsoro ne ya kama shi. Wasu suka ce giyar shinkafa ya sha da sassafe. Shi bai ce uffan ba, har a wajen ƙona gawa, inda Bouavanh ta riƙe masa riga tana tambayarsa dalili a gaban jama'a. Shirun nan nasa ne ya kore ta.

Ƙarar ganga ta taso daga gidan ibada. Can sai ga 'yan zuhudun sun ɓullo a jere, ƙafa ba takalmi, kowa da kwanonsa a rataye. Baƙin suka fara ɗaga wayoyi.

Babban ɗan zuhudun ne a gaba, tsoho mai tafiya a duƙe, abokin wasan Baba tun suna yara. Ya iso gaban tabarmar ya buɗe kwano. Baba ya gutsiro shinkafa ya miƙa hannu.

Hannun bai nufi kwanon ba. Ya tsaya a iska, can gefe.

Ɗan zuhudun ya matsa kaɗan, ya kai kwanonsa ƙarƙashin hannun. Na bayansa ma ya yi haka. Na bayan wannan ma haka. Duk wanda ya iso sai ya ɗan karkata, kamar abin da aka daɗe ana yi. Sai na ƙarshen layi, wanda da gani baƙo ne a wannan gidan ibadar, ya tsaya inda aka saba tsayawa. Baba ya saki shinkafar, ta faɗi ƙasa cikin ƙura.

Layin ya wuce, ya sha kwana. Baba ya sake gutsiro wata lomar ya miƙa, ya bar hannun a sama yana jira.

Wata dattijuwa cikin baƙin ta taɓa kafaɗar Bouavanh, ta yi ƙasa da murya ta tambaye ta ko tsohon can makaho ne.

“A'a,” in ji Bouavanh. “Mahaifina ne.”



Ba ta san me ta ce wa direba ba. Ta dai san ta haɗa shi da baƙin, ta ce ya kai su kasuwar safe su sha kofi su ci wainar kwakwa, za ta same su a gindin matattakalar tsaunin Phousi. Ko jakarta ba ta ɗauka daga mota ba.

Baba ya riga ya naɗe tabarma. Ta bi bayansa daga nesa. Hannunsa na dama yana shafar katanga, in katanga ta ƙare ya kama shingen maƙwabta, in shinge ya ƙare ya ja ƙafa a hankali har ya taɓa matakin farko na gangaren. Tun tana goye take ganin mutumin nan yana sauka wannan gangaren da gudu, da daurin gora a kafaɗa.

A bakin ruwa gorar tana nan jibge yadda aka bar ta. Turaku kaɗan ne a tsaye cikin kogin, sun je rabi sun tsaya. Ya lalubi kututturen da yake zama, ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya fara tsaga gora siriri siriri, irin wadda ake ɗaure gada da ita. Gefensa tuni tsagaggun sun yi tsibi, sun fi ƙarfin gada ɗaya.

Bouavanh ta zo ta tsaya a gabansa. Ba ta yi magana ba.

Ya ɗago. Ya dube ta sosai, ko ta ce ya dubi wajen da take. Sai ya yi murmushin nan da yake yi wa 'yan yawon buɗe ido, ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji.

“Sabaidee,” ya gaishe ta da harshensu, sannan ya ƙara da guntun Turancin da ya tsinta a bakin gada, wai gada ba ta haɗu ba tukuna, a yi haƙuri, a dawo wani watan.

“Baba.”

Wuƙar ta suɓuce ta faɗi tsakanin ƙafafunsa.

“Vanh? Ke ce? Rana ce ta haske min ido, ban...”

“Rana ba ta fito ba, Baba.”

Ya sunkuyar da kai.

Ta durƙusa a gabansa, ta kai fuskarta dab da tasa. Sai yanzu ta ga abin da hular kabarsa ta daɗe tana ɓoyewa. Ƙwayar idanun nan biyu ta yi fari fari, kamar an ɗiga ruwan shinkafa a ciki.

“Tun yaushe?”

“Ki tashi, zaninki zai ɓaci.”

“Tun yaushe, Baba?”

Ya lalubo wuƙar ya riƙe, bai ci gaba da aikin ba. Ya ce na hagun ya daɗe da tafiya, tun kafin rasuwar mahaifiyarsu. Na daman ne ya riƙe shi, shi ma a daminar nan ya bi sahu. Yana gane haske da duhu. In mutum ya tsaya a gabansa yana ganin inuwa, amma ba ya sanin ta wace ce sai an yi magana.

“Wa ya sani?”

“Khamla. Sai wancan tsohon mai kwano, shi ba a ɓoye masa abu.”

“Dokkeo fa? Gida ɗaya kuke.”

“Gidan da na gina da hannuna? Na san inda kowane ƙusa yake. In za a ci abinci Khamla ya tura min kwano kusa, ya ce Baba ga kifin nan a damanka, ka ci kafin in cinye. Ita ta ɗauka tsokana ce.”

Bouavanh ta tuna. Ita ma ta sha jin wannan tsokanar, ta sha yin dariya.

“Ni kuma ba 'yarka ba ce? Me ya sa ba a gaya min ba?”

“Kina da aikinki.”

“Wannan ba amsa ba ce.”

“To me za ki yi? Ki bar baƙinki ki zo ki ja min sanda?” Ya girgiza kai. “In maganar ta fita, mai unguwa zai ba wani gidan aikin gada. Kakanki ne ya fara kafa ta. Na ce a bar ni in ƙara shekara ɗaya, in ga hannun Khamla ya faɗa sosai, sai in zauna.”

“Ka gani? Da wane idon?”

Ta yi da-na-sanin maganar tun kafin ta rufe baki. Shi ko gezau bai yi ba, kamar ya daɗe yana faɗa wa kansa abin da ya fi wannan zafi.

Wani jirgin baƙi ya wuce ta bakin mahaɗar ruwa, ya nufi kogon Pak Ou, ana ta kiɗa a ciki. Sai da ƙarar injin ta yi nisa ta sake dubansa.

“Ranar nan,” ta ce a hankali. “Gaya min.”

Ya daɗe yana murza tsagin gora a yatsunsa kafin ya fara. Ya ce ruwan bai gama janyewa ba, yana da ƙarfi. Shi yana riƙe da jirgi, Khamla yana tsaye a baki yana buga turke. Aikinsu ke nan tun da idon ya tafi, Khamla ya ce dama, ya yi dama, ya ce riƙe, ya riƙe. Sai ya ji jirgin ya yi sama ta gefe guda, ya ji ƙarar abu ya bugi itace, ya ji faɗuwa.

“Ya kira ni. Na ji shi sarai. Amma kin san wajen nan, murya tana bugun gaɓar can ta dawo. Na ji ta daga dama. Na miƙa sanda dama. Na yi ta cewa kama, Khamla, kama. Na yi ta lalube cikin ruwan.”

Ya ajiye tsagin gorar.

“Da ya sake kira na gane yana bayana. Kafin in juyo da sandar, muryar ta yi ƙasa da ruwa. Na bi ta da jirgi, ban san inda na dosa ba, har na je na daki turke.”

Bouavanh ta kifa kanta a gwiwarsa. Kukan da ta hana kanta yi a gabansa tun ranar ƙona gawa ya ƙwace mata. Ya ɗora hannu a kanta, ya shafa gashin, ya gangaro ya lalubi kunnenta da kumatunta, ya ce ta rame, ko ba ta cin abinci ne.

“Ka bari muka tsane ka,” ta ce cikin kuka. “Na ci mutuncinka a gaban mutane. Da ka buɗe baki ka ce ba ka gani, wa zai zarge ka?”

“Kowa. Kuma da gaskiyarsu. Wa ya aiki makaho cikin jirgi?”

“Ai ba ɗaya ba ne da a ce ka juya wa ɗanka baya.”

“A wajena ɗaya ne.”

Ta ɗago ta share fuska da hannun rigar kamfaninsu. Ta ce yau ɗin nan za ta kai shi asibiti, yanar ido ce, ana cirewa, ta ga tsofaffi da yawa da aka yi wa aiki suka koma karatu. Ya tashi su tafi.

“An riga an duba ni,” in ji shi.

“An duba ka? Yaushe?”

“Khamla ya kai ni, ya ce wa matarsa mun tafi duba gora. Likita ya ce aikin ba wuya, kafin shinkafa ta nuna a tukunya an gama. Har rana ya ba mu.”

“To me ya hana?”

Ya sake lalubo tsagin gora.

“Baba, wace rana ya ba ku?”

“Ranar ce.”

 Ta ja baya ta zauna daɓas a kan yashi.

“Da safiyar da ya kamata kuna asibiti, kuna cikin ruwa?”

“Ni na ce a fasa.”

“Don me?”

“Taurin kai irin na tsufa. Na ce a fara kafa gada, ido ba gudu zai yi ba. Ya yi ta roƙona, na ƙi. Shi ke nan, kin ji duka. Yanzu tashi ki koma wajen baƙinki, kada a kore ki.”

Ya faɗi maganar da sauri, a jere, kamar wanda ya haddace ta. Bouavanh ta san mahaifinta. In zai yi taurin kai ba ya kiransa taurin kai. Ta buɗe baki za ta sake tambaya, sai ta ji an ajiye abu a kan matakin ƙarshe na gangaren.

Dokkeo ce. Ta sauko da abincin safensa kamar yadda take yi kullum, ta ajiye ta juya ba tare da ta ce masa ci kanka ba. Yau ba ta juya ba. Ta tsaya, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙasan cikinta da ya tsufa. Farin zaren da aka ɗaura mata a wuyan hannu bayan rasuwar ya yi dauɗa, ta ƙi cirewa. Kayanta na can a ƙulle cikin ɗaki, jibi yayanta zai zo daga garin Nambak ya tafi da ita, kuma ta rantse a gaban mata cewa abin da za ta haifa ba zai san hannun tsohon nan ba.

“Wane ne?” in ji Baba.

 Dokkeo ta tako a hankali har gabansa. Ta ɗaga hannu ta kaɗa dab da fuskarsa. Idanun ba su motsa ba.

Ta saki wani sauti, ba kuka ba, ba dariya ba.

“Ashe asibiti za ku,” ta ce.

“Dokkeo, 'yata, zauna. Tsayuwa ba ta yi miki ba.”

“Na yi ta mamaki. Da yammar jajibirin ranar ya sa na goge masa farar rigarsa, ya sa na goge taka. Ya je ya aro tuk-tuk, keke mai ƙafa ukun nan na abokinsa, ya ajiye a ƙofar gida. Na ce ina zuwa haka da kwalliya, ya ce in ya dawo zan sha labari, har rawa sai na yi da cikin nan.”

“Ya isa haka.”

“Yana ta waƙa yana wanke ƙafa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na yammar nan ba. Kai ma, Baba, har ƙari ka nema a abinci. Ba ka yi kama da mai shirin fasawa ba.”

“Na ce ya isa.”

“Sai waya ta yi ƙara.”

Ta juyo ta dubi Bouavanh. Idanunta a bushe suke.

“Hannunsa da sabulu, ni na ɗauka na buɗe masa murya. Yaya, kin tuna, ko in tuna miki?”

 Wayar ta faɗo wa Bouavanh a rai. Ba ta taɓa ɗaukarta a bakin komai ba, don irinta ta sha yi. A tsaye ta yi ta, a bakin kasuwar yamma, kunne ɗaya a toshe saboda hayaniya, ranta a ɓace don mai kamfani ya gama yi mata faɗa.

“Dokkeo,” in ji Baba, “na roƙe ki. Ki bar shi a kaina. Ni na saba.”

Dokkeo ba ta ko dube shi ba.

“Kika ce kin yi wa manyan baƙi alkawarin za su taka gadar gidanku a ƙarshen mako. Kika ce kin gaji da shan kunya saboda mutum biyu da suka zauna suna kallon ruwa. Ya ce Yaya gobe muna da uzuri, ki ba mu jibi. Kika ce uzurin me, shi da ba ya aikin fari bare na baƙi. Kika ce in gari ya waye ba su shiga ruwan nan ba, ke da kanki za ki je wajen mai unguwa ki ce Baba ya tsufa, a ba wasu.”

“Ban sani ba,” in ji Bouavanh.  “Ban san da asibiti ba.”

“Ni ma ban sani ba. Na dai ga Baba ya ajiye cokali ya shiga ɗaki. Na ga mijina ya ninke farar rigar ya mayar cikin akwati, ya tura tuk-tuk ya mayar wa mai shi.”

Bouavanh ta juya wajen mahaifinta.

“Kana wurin? Ka ji ni?”

Ya miƙa hannu yana nemanta. Ta riga ta ja baya, hannun ya kama iska.

“Ba ki san komai ba, Vanh. Ni ne babba, ni na ce a shiga. Kada ki saurare ta, ciki ne yake sa ta...”

“Wata guda ina tsine wa makaho,” in ji Dokkeo. “Ina ajiye masa abinci kamar na kare. Ya ji, ya haɗiye, don kada 'yarsa ta ji ciwo.”

Can sama a kan titi direba ya dawo, ya fara danna hon, yana ƙwala kiran sunan Bouavanh, wai baƙi sun gaji da jira.

Dokkeo ta matso, ta kamo hannun Bouavanh da ƙarfi, ta ɗora shi a kan cikinta. Abin da ke ciki ya motsa a ƙarƙashin tafinta.

“Kin ji shi? Wata rana zai tambaye ni yadda aka yi ubansa ya mutu. Dā ina da amsa.”

Ta ƙara danne hannun.

“Ke kika iya yi wa mutane bayani, Yaya. Faɗa min, sunan wa zan kira masa?”